Tarihin Likita Ronald Ross, Wanda Ya Kama Sauro Da Laifi Ya Kuma Yi Wa Zazzaɓi Lissafi

Duk wanda ya san karkarar arewacin Kano, wajen Minjibir da Dambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona ba a barin saura, ya san babu unguwar da ba ta da kududdufinta, domin daga nan aka haƙi ƙasar da aka yi gini. Ya kuma san da zarar marka ta kankama, gero ya fara fid da kai, sai zazzaɓi ya sauka cikin gidaje. Yara su ne suka fi shan wuya, manya kuwa yakan kwantar da su daidai lokacin da gona ke bukatarsu. Yau ko ɗan firamare aka tambaya zai ce sauro ke kawo shi, amma wannan sani bai daɗe a duniya ba. Wanda ya fara tabbatar da shi wani likitan soja ne Baturen Ingila, ana ce da shi Ronald Ross. Galibi a nan masu ba da labarinsa kan tsaya. To, yana da wani aiki na biyu da ya yi da alƙalami da takarda, watau lissafin yadda cuta ke hawa da sauka cikin jama'a, da inda ya kamata a taɓa ta don ta sauka. Babu kuwa inda aka yi wa wannan lissafi gwaji mai tsanani kamar ƙasar Garki, arewa maso gabas da birnin Kano.

An haifi Ross ran 13 ga watan Mayu 1857 a garin Almora, gindin duwatsun Himalaya cikin ƙasar Indiya, kwana uku bayan sojojin ƙasar sun tayar wa Turawa babban bore. Ubansa hafsa ne a rundunar Ingila ta Indiya, har ya kai janar, shi kuwa Ronald shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya goma. Da ya shekara takwas aka aika da shi Ingila wurin dangi don ya yi karatu, kamar yadda Turawan Indiya suka saba yi. Yaron ba shi da sha'awar likitanci ko kaɗan, abin da ransa ke so waƙa da kiɗa da zane da lissafi. Amma uban ya ce likita zai zama, saboda haka a 1874 ya shiga makarantar likitoci ta asibitin St Bartholomew a Landan. Bai yi wani fice a can ba. Har ma ya faɗi wata jarrabawa, ya tafi ya yi aikin likitan jirgin ruwa mai zirga-zirga tsakanin Ingila da Amurka, sai a 1881 ya ci, aka ɗauke shi aikin likitan soja a Indiya.

Shekarunsa na farko a aiki ba su da wani labari mai yawa. Aka yi ta yi masa canji daga wannan bariki zuwa wancan, shi kuwa yana ta rubuta waƙoƙi da littattafan hira waɗanda ba su samu kasuwa ba, yana kuma koya wa kansa lissafi mai zurfi ba da malami ba. Abokan aikinsa a ganinsu wannan duk shiririta ce. Amma a Bangalore, a 1883, sauro ya hana shi barci, da ya bincika sai ya tarar cikin wata randar ruwa da ke bayan tagarsa suke ƙyanƙyashewa. Ya tuntsurar da ita, ya samu sauƙi. A 1889, sa'ad da ya je hutu Ingila, ya yi aure, ya kuma samu takardar shaidar ilmin kiwon lafiyar jama'a.

Yadda aka kama sauro

A zamanin nan likitocin Turai sun ɗauka iskar fadama ce ke kawo zazzaɓi, sunan ma da suke kiran cutar da shi daga bakin Italiya ya fito, ma'anarsa mugunyar iska. Kada mu yi musu dariya, domin a wurinmu ma ba a rasa masu ɗora laifin kan zafin rana ko sabon abincin kaka ba. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar da ranta cikin jinin majiyyaci. Ross ya nema da madubinsa bai gani ba, sai ya ƙaryata. Da ya koma Landan a 1894 ya sadu da Likita Patrick Manson, wanda tun yana ƙasar Sin ya gano cewa sauro ke ɗaukar tsutsar da ke kawo tundurmi. Manson ya zaunar da shi ya nuna masa ƙwayar Laveran ƙuru-ƙuru, ya kuma gaya masa zatonsa cewa ita ma ta cikin sauro take bi. Sai dai Manson ya zaci sauron kan mutu cikin ruwa ne, mutane su sha su kamu. Wannan kuskure ya ɓata wa Ross lokaci, har ya riƙa ba mutane irin wannan ruwa su sha don gwaji.

Ya koma Indiya a 1895, ya shekara biyu yana feɗe sauro ɗaya bayan ɗaya ƙarƙashin madubin likita, bai ga kome ba. Dalili kuwa, bai san sauro iri-iri ne ba, kuma waɗanda yake ta kamawa ba su ne masu laifin ba. Cikin watan Agusta 1897, a asibitin soja na Secunderabad, ana tsananin zafi, ga shi ya hana a ja masa mafici don kada iska ta kwashe masa abin da yake feɗewa, har gumi ya sa madubin ya yi tsatsa, sai ma'aikatansa suka kawo masa wani irin sauro mai ɗigo-ɗigo a fiffike, wanda kan ɗaga gindi sama in ya sauka a bango. Shi ne wanda ake kira anofilis. Aka sa su suka ciji wani majiyyaci da ake biya anini-anini a kan kowane cizo. Ran 20 ga wata Ross ya feɗe ɗaya daga cikin biyun da suka rage, ya ga waɗansu ƙullutai a bangon tumbinsa, da baƙin ɗigo a ciki irin wanda ƙwayar zazzaɓi ke bari cikin jini. Kashegari ya feɗe na ƙarshen, ya tarar ƙullutan sun ƙara girma. Abin da ke girma kuwa yana da rai. Saboda wannan ne har yau ake kiran 20 ga Agusta ranar sauro ta duniya.

Akawuna da malamai waɗanda suka san zafin canjin wurin aiki ba shiri za su fahimci abin da ya biyo baya. Aikin bai kai ko'ina ba sai ga takarda daga sama, an mai da shi Kherwara, wani ƙaramin bariki da zazzaɓi bai cika zuwa ba. Sai da Manson ya yi ta kai gwauro yana kai mari a ofisoshin Landan kana aka ba shi izinin ci gaba da bincike a Kalkata cikin watan Fabrairu 1898. A can ma bai samu majiyyatan da yake so ba, sai ya koma kan tsuntsaye, su gwara da hankaka, domin su ma suna da irin nasu zazzaɓin. Da taimakon ma'aikatansa 'yan ƙasa, musamman Muhammad Bux, wanda ba a cika tuna sunansa ba, ya bi sawun ƙwayar tun daga tumbin sauro har zuwa inda yawunsa ke taruwa. A watan Yuli ya sa sauron da ya sha jinin tsuntsu mai cuta ya ciji lafiyayyu, suka kamu. Ashe ta cizo take shiga, ta cizo take fita.

A wannan shekara da wadda ta biyo ta, waɗansu masana na Italiya, Giovanni Battista Grassi da abokansa Bignami da Bastianelli, suka tabbatar da haka ga mutum, suka kuma nuna cewa anofilis kaɗai ke ɗaukar zazzaɓin mutane. Da aka zo ba da lambar Nobel ta ilmin likitanci a 1902, Ross kaɗai aka ba, ya zama Baturen Ingila na farko da ya same ta. Mutane da yawa har yau suna ganin Grassi ya cancanci rabo. Ross bai taɓa yarda da haka ba, ya yi ta zarginsa da satar aiki har ƙarshen ransa. Gaskiya dai mutum ne mai saurin fushi, mai riƙo, kullum yana ganin ba a biya shi hakkinsa ba.

Zuwansa Afirka

A 1899 ya bar aikin soja, ya kama koyarwa a sabuwar makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, wadda attajiran da ke ciniki da gaɓar Afirka ta Yamma suka kafa saboda zazzaɓi na kashe musu ma'aikata. A shekarar ya zo Freetown ta Saliyo, ya nuna ire-iren anofilis da ke yaɗa cutar a can, da irin ƙananan tafkunan da suke haihuwa a ciki. A 1901 ya komo, aka ɗauki lebura suna kwashe gwangwanaye da kwalabe, suna cike ramuka, suna fid da magudanai. A wannan tafiya ya leƙo har Ikko, inda Gwamna William MacGregor, wanda shi ma likita ne, ke fama da fadamun garin. Aikin Freetown bai ɗore ba: ruwan sama ya yi yawa, kuɗi suka ƙare. Amma a Isma'iliyya, wani ƙaramin gari na kamfanin mashigin Suez a Masar, wanda hamada ta kewaye, aka bi shawararsa ta 1902 sau da ƙafa, cikin 'yan shekaru zazzaɓi ya kusan ƙarewa.

Ya kamata a faɗi wani abu a nan ko da ba shi da daɗin ji. Amfanin farko da gwamnatocin mulkin mallaka suka yi da wannan ilmi shi ne kare kansu. Daga nan ne aka samo dokar nan ta zamanin Lugga, ta barin fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauron da ya ciji 'ya'yan talakawa ya isa bariki. Nisanta gida ya fi yaƙi da sauro araha.

Masu riƙe da baitulmali kuwa suna da hujjar da suke kafawa. Cewa suke yi sauro ba ya ƙarewa, ko an kashe dubu wani dubun zai taso, kuma tun da cizo guda ya isa ya kwantar da mutum, duk kuɗin da aka kashe kan cike ramuka asara ce. Ross ba shi da amsar da zai ba su daga madubin likita. Nan ne lissafin nan da ya koya wa kansa a barikokin Indiya ya yi rana.

Lissafin zazzaɓi

Gwamnati ta aike shi tsibirin Morishiyas a ƙarshen 1907, cikin rahoton da ya rubuta a 1908 ya fara shimfiɗa lissafin. Ya ƙara faɗaɗa shi cikin babban littafinsa na rigakafin zazzaɓi na 1910, da bugu na biyu na 1911. Ga yadda maganar take a taƙaice.

A ɗauki gari guda. Kowane wata waɗansu suna kamuwa, waɗansu suna warkewa. Yawan masu ƙwayar cuta a garin kamar ruwan kududdufi ne: in abin da ke kwarara ciki ya fi abin da ke ƙafewa sai ya hau, in ya kasa sai ya sauka, in suka yi daidai sai ya tsaya wuri guda ko da yake ruwan yau ba shi ne na jiya ba. Amma akwai bambanci guda, shi ne kuwa gishirin zancen. Girgije bai damu da yawan ruwan da ke cikin kududdufi ba. Zazzaɓi kuwa shi ke ciyar da kansa, domin yawan masu cuta shi ke kawo yawan sauro mai ɗauke da ita, yawan wannan sauro kuma shi ke kawo sababbin masu cuta, haka abin ke kewayawa.

Sa'an nan Ross ya bi hanyar da ƙwayar ke bi daga mutum zuwa mutum, ya ga tana da ƙofofi da yawa, kowace ƙofa kuwa ana asara. Ba kowane sauro ke samun cizon mutum ba, wani jinin dabba yake sha. Cikin waɗanda suka ciji mutum, ba duka suka dace da mai cuta ba. Cikin waɗanda suka dace, dole sauron ya rayu kwana goma ko fiye kafin ƙwayar ta nuna cikinsa, galibinsu kuwa ba sa kaiwa. Wanda ya kai, sai ya sake samun wani ya ciza. In aka haɗa waɗannan duka da yawan sauron da ke kan kowane mutum, da tsawon kwanakin da cuta ke yi a jini, za a samu adadi guda, watau mutum nawa majiyyaci ɗaya ke jawo wa cuta kafin ya warke. In adadin ya wuce ɗaya, cuta za ta yi ta yaɗuwa har ta samu matsayin da za ta zauna a kai. In ya kasa ɗaya, misali goma su jawo wa takwas, takwas su jawo wa shida, shida su jawo wa biyar, to, cuta za ta mutu don kanta, alhali kuwa sauro na nan yana kuka a kunnen mutane. Watau ba sai an ƙarar da sauro ba. Akwai wata iyaka, in aka rage shi ya faɗa ƙasa da ita, aka kuma riƙe shi a can, bukata ta biya.

Wannan hanya baƙuwa ce ga likitocin lokacin. Su abin da suka saba shi ne su tara alƙaluman asibiti tukuna, kana su nemi dalili a ciki. Ross ya juya abin: ya fara daga dalilai, ya gina lissafi a kansu, sa'an nan ya gwada abin da ya fito da abin da ake gani a gari. Ya kuma lura cewa lissafin bai tsaya ga zazzaɓi kaɗai ba, ya shafi duk abin da ke ratsa jama'a daga wannan zuwa wancan. Da abin ya fi ƙarfin iliminsa bai ji kunya ba, ya nemi taimakon wata gwanar lissafi da ta yi karatu a Cambridge, Hilda Hudson, suka fid da maƙalu tare a 1917.

Masu aikin injuna sun riga likitoci sanin irin wannan kewaye. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa ya ji yadda yakan yi nishi in an zuba masa hatsi, sa'an nan ya daidaita. Akwai wani ƙarfe mai juyawa cikinsa da ke ƙara mai in gudu ya ragu, ya rage in gudu ya yi yawa, Turawa suna kiransa gwamnan inji. Tun a 1868 James Clerk Maxwell ya yi lissafin yaushe irin wannan ƙarfe ke zaunar da inji, yaushe kuma yake sa shi rawa. Daga nan aka samu reshen ilmi mai zaman kansa, na sarrafa abin da ke sāke hali bisa lokaci. Tambayarsa kullum guda ce: ina abin nan zai zauna in an ƙyale shi, kuma wane wuri za a danna, da wane ƙarfi, don ya koma inda ake so? Ita ce tambayar da Ross ya yi wa zazzaɓi. A 1923 Alfred Lotka na Amurka ya ɗauki lissafin Ross ya warware shi filla-filla. Wani matashin likita kuma, Anderson McKendrick, wanda ya bi Ross zuwa Saliyo a 1901 ya kamu da son lissafi a hannunsa, shi da William Kermack suka fid da lissafin annoba a 1927, wanda gwamnatocin duniya suka dogara da jikokinsa sa'ad da cutar korona ta ɓarke a 2020.

Likitocin zamaninsa ba su kula da wannan aiki ba, abin kuwa ya yi masa ciwo, domin shi yana ɗaukarsa da girma ƙwarai. An ba shi lambar girma ta Sir a 1911, ya bar Liverpool ya koma Landan a 1912, ya yi wa rundunar Ingila aikin ba da shawara cikin yaƙin duniya na farko. Amma bai daina ƙorafi ba. Ya roƙi majalisar Ingila ta ba shi ladan kuɗi ba a ba shi ba, har Manson da ya ɗora shi kan hanya sai da suka ɓata. A 1926 masoyansa suka buɗe wata cibiyar bincike da asibiti da sunansa a Putney, cikin Landan. Shekara guda bayan haka ciwon shanyewar jiki ya same shi. Matarsa ta rasu a 1931, shi kuma ya bi ta ran 16 ga Satumba 1932, yana da shekara 75.

Daga Putney zuwa Garki

Wanda ya tayar da lissafin daga barci shi ne Likita George Macdonald, da ya shugabanci cibiyar Ross bayan yaƙin duniya na biyu. Cikin rubuce-rubucensa na 1952 da littafinsa na 1957 ya nuna cewa ƙofofin nan ba nauyinsu ɗaya ba, wadda ta fi duka ita ce tsawon ran sauro. Malaman lissafi suna iya gwada wannan a allo. A ce ƙwayar na bukatar kwana 12 cikin sauro. In kullum tara cikin goma na sauro ke kwana da rai, cikin ɗari wajen 28 za su kai kwana 12. In takwas ne, wajen 7 za su kai. In bakwai ne, ɗaya tak. Saboda haka maganin da aka fesa a bango, wanda ke kashe sauro in ya sauka hutawa bayan ya sha jini, ya fi cike ramuka tasiri nesa ba kusa ba. Bisa wannan hujja, ga kuma maganin DDT ya samu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura yaƙin kawar da zazzaɓi a 1955. An ci nasara a kudancin Turai da waɗansu wurare, amma a ƙasarmu abin ya faskara. A yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, an fara feshi a 1954, ba a daɗe ba aka tarar sauro ya saba da ɗaya daga cikin magungunan, mai suna dieldrin. A Kankiya ta lardin Katsina ma an gwada cikin shekarun 1960, abin da lissafin Macdonald ya yi alkawari bai tabbata ba.

Shi ya sa Hukumar da Gwamnatin Nijeriya suka shirya aikin Garki, daga 1969 zuwa 1976. Garki a lokacin tana cikin Jihar Kano, sai a 1991 ta faɗa Jihar Jigawa. Ba a taɓa yi wa zazzaɓi irin wannan ƙidaya ba. Aka haɗa likitoci da masanan ƙwari da masu duba jini da masanan lissafi wuri guda. A ƙauyuka 22, irin su Sugungum da Rafin Marke da Matsari, aka rubuta kowa da kowa, kowane mako goma a ɗibi jinin yatsa a duba. Da dare ma'aikata kan zauna da ƙafa a buɗe suna kama sauron da ya sauka, a ƙidaya, a feɗe. Aka tarar a waɗansu ƙauyuka mutum guda na shan cizon sauro mai ɗauke da cuta fiye da sau 100 a shekara, galibi cikin damina. Sai da aka ɗauki wajen shekara ɗaya da rabi ana awo kawai, kana a daminar 1972 da ta 1973 aka fesa maganin propoxur a ƙauyuka 164, a 60 daga ciki kuma aka riƙa ba jama'a ƙwayoyin magani kowane mako goma, a waɗansu 'yan kaɗan ma kowane mako biyu.

Sakamakon ya ba da mamaki. Feshi ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cuta da wajen kashi 90 cikin 100, amma masu ƙwayar cuta a jini da wajen kashi 25 kaɗai suka ragu. Inda aka haɗa da magani yawansu ya faɗi ƙwarai, mutuwar jarirai ta ragu, amma yaɗuwar cutar ba ta yanke ba, da aka daina kuwa ta koma inda take. Wannan bai ƙaryata Ross ba. Iyakar da ya faɗa tana nan, nisanta ne ya wuce zato. In misali majiyyaci guda na jawo wa mutum ɗari, aka rage kashi 90, saura goma, goma kuwa ta fi ɗaya. Ban da haka an gano abu biyu da tsohon lissafi bai sa a ciki ba. Na farko, sauron ba halinsu ɗaya ba: akwai waɗanda in sun sha jini sai su fice su huta a waje, ba sa taɓa bangon da aka fesa, su ne ke riƙe da cutar. Na biyu shi ne garkuwar jiki. Mutumin da ya tashi cikin cizo tun yana goye, in ya tsira, jikinsa kan koyi danne ƙwayar, ya rage ba sauro ita. Yawan cizo na ƙara garkuwa, garkuwa na rage yaɗuwa, in cizo ya ragu ita ma sai ta ragu a hankali. Ashe zazzaɓin Garki yana da nasa gwamnan injin, wanda ke mai da shi matsayinsa duk sa'ad da aka tura shi.

Klaus Dietz da Louis Molineaux da Anthony Thomas suka gina sabon lissafi a 1974, wanda ya kasa jama'a kashi-kashi bisa ƙarfin garkuwarsu, aka gwada shi da alƙaluman ƙauyukan, ya fi na da dacewa da abin da aka gani. Cikakken labarin aikin ya fito cikin littafi a 1980. Tun daga nan masu tsara yaƙi da zazzaɓi a ƙasashe irin tamu suka rage dogara ga makami guda, suka koma haɗa gidan sauro mai magani da feshi da saurin ba da magani, suna lissafin wanne za a sa, a ina, a wane wata, da ɗan kuɗin da ke hannu. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata cikin damina a ƙasashen da zazzaɓinsu ke bin ruwan sama, shi ne wanda ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna rabawa a jihohin Arewa. Duk da haka, rahotannin Hukumar na 'yan shekarun nan sun nuna wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke.

Takardun da aka cika a Garki ba su ɓata ba. An zuba su cikin kwamfuta, kuma masanan da ke gina sabon lissafin zazzaɓi a Landan da Basel da Amurka sukan gwada shi da jinin da aka ɗiba a yatsun manoman Sugungum da Rafin Marke tsakanin 1970 da 1976.